Baba Mai Dafa Kwalba

A karkarar da ke arewa da birnin Kano, daga Ungogo har a dangana da Minjibir, ƙasa ba ta san hutu ba. Gonar da aka noma bana ita za a noma baɗi, domin babu sauran dajin da za a ce a bar wannan ta sarara a je a share sabuwa. Taki ne ya riƙe mu. A can baya, da rani, tun kafin gari ya waye ayarin jakuna ya kama hanyar birni da itace da kara, da la'asar sakaliya su komo da mangala cike da shara da toka da kashin awaki da aka kwaso daga jujin unguwanni. Wani Bature masanin labarin ƙasa, Michael Mortimore, ya zauna ya yi nazarin wannan zama namu a ƙasar Ungogo cikin shekarun 1960, har ya sa shi a littafi. Mu da aka haifa a ciki ba mu ɗauka abin rubutawa ba ne. Abin da muka sani shi ne takin birni yakan zo da mugun baƙo, wato fasasshiyar kwalba. Manomi yana tsakiyar huɗa ba takalmi, sai ya ji ta keta masa tafin ƙafa, shi ke nan sai jinya, ga damina ba ta jiran mai ɗingishi.

Mutum ɗaya ne duk ƙauyenmu yake maraba da wannan baƙo. Ba zan kama sunansa ba, don ko da yake raye bakina bai taɓa kamawa ba. Aminin kakana ne, katanga ɗaya ta raba gidajenmu, Baba nake ce masa. Yaran gari kuwa in ya ba da baya sai su ce ga mai dafa kwalba. Manya ma sukan tsokane shi a gindin tsamiyar masallaci, su ce su dai a bakin magabata suka ji mai haƙuri yakan dafa dutse, amma ga shi Allah ya nuna musu da idonsu. Yakan yi murmushi ya ce su jira romon.

Dafa kwalba ba gadon gidansu ba ne. Manoma ne su kaka da kakanni. Da ƙuruciya ya fita yawon almajiranci, daga nan ƙafa ta ja shi Kurmi, ya bi tsohuwar hanyar da fataken goro suka share zuwa Gwanja, ya sauka a zangon Kumasi. Ya yi dako, ya yi jiran shago, daga bisani ya koma Koforidua, garin da har yau kasuwar duwatsun ado take ci duk ranar Alhamis. Can ya zama yaron wani Alhaji Bahaushe mai fataucin tsakiya da murjani, sana'ar da Hausawa suka daɗe da yin suna a kanta a Afirka ta Yamma. Maigidan yakan aike shi Odumase da Somanya, ƙasar mutanen Krobo masu mai da kwalba duwatsun ado, ya karɓo kayan da aka ba da aikinsu. Sau da yawa yakan tarar ba a gama ba, sai ya kwana yana jira. Mai jiran da ba ya son zaman banza shi ne yake tura itace a wuta, yau ya riƙe wannan, gobe ya daka wancan. Haka sana'ar ta shiga hannunsa ba tare da wani ya ce masa zo in koya maka ba.

Da a can zai tsufa. Sai ga watan Nuwamba na 1969, gwamnatin Kofi Busia ta fitar da doka cewa duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya bar Gana cikin mako biyu. Mutanen zango da yawa a can aka haife su, ba su taɓa jin ana neman takarda kafin mutum ya zauna a gidan ubansa ba. Baba ya sayar da abin da ya sayu a wulaƙance, ya bar sauran, ya hau bayan babbar mota da matarsa Inna da 'ya'yansu. Inna ta sha ba mu labarin faɗan da suka yi a kan wani akwatin katako mai nauyin tsiya. Ita tana so a cika shi da kwanukanta, shi kuwa ya cika shi da ƙananan faifan yumɓu masu ramuka, ya naɗe kowanne da tsumma. Har ta rasu ba ta yafe masa kwanukan nan ba, ko da yake abin da ke cikin akwatin shi ya ciyar da ita shekara da shekaru.

Ya dawo ya tarar an riga an raba gandu. 'Yan'uwa suka yanka masa wata 'yar gayauna da ba za ta kai iyali kaka ba, ga shi kuma ba a daɗe ba farin 1973 ya sauka. A ƙasarmu duk magidanci yana da sana'ar rani, wani saƙa, wani rini, wani dukanci, wani ya tafi ci-rani birni. Baba ya haƙo ƙasar suri ya gina tanderu a bayan gidansa.

Ni na shiga hannunsa ne ta hanyar kwaɗayi. A shekarar 1976 aka kwashe mu aka zuba a firamare da shirin ilimi kyauta na gwamnatin Obasanjo, ga kuma makarantar allo safe da dare. Tsakanin biyun nan akwai 'yan sa'o'i, su muke bi gona-gona muna tone tsibin taki kafin a baza shi. Gwangwanin madara cike da fasasshiyar kwalba ƙuli-ƙuli ne ladansa. In ka dace da shuɗiya, irin ta man Vicks, to ranar kwabo za ka karɓa a hannu, domin shuɗi ya fi kowane launi wuyar samu. Masu gona har godiya suke yi mana. Sauran yara in sun karɓi ladansu sai su watse, ni kuwa sai in tsuguna a bakin zaure ina kallo. Ran nan ya ɗago kai ya ce, "Kai ɗan nan, ido ba ya aiki. Jawo kaskon can ka ware mini kore daga fari." Da daddare ya shiga wajen mahaifina ya nemi izini. Mahaifina ya ce, "Ai ɗanka ne, Baba, in ya ƙi ji ka doke shi." Bai taɓa dukana ba.

Rani guda cur ban yi komai ba sai wanki da tsinta. Kore daban, ruwan ƙasa daban, farar kwalba mai gani-har-hanji daban, farar da ba a ganin cikinta, irin ta man shafawar mata, ita ma daban. Ko a cikin kore ɗin ma yakan ɗaga gutsure biyu ya duba a rana, ya ƙwanƙwasa su da tsinken ƙarfe ya saurara, ya ce wannan ba dangin wancan ba ne. Gilashin taga da madubi da ƙwan fitila ba ya yarda su kusanci kwalba ko kusa. Na tambaye shi dalili, ya ce, "A wuta za su yi zumunci, in sun huce su yi faɗa." Iyakar bayanin ke nan. Sai da na je kwalejin horon malamai na ji malamin kimiyya yana bayanin cewa kowane irin gilashi da gwargwadon yadda yake buɗewa in ya ji zafi da yadda yake tsukewa in ya huce, in aka haɗa biyu da ba su daidaita ba, ɗaya zai ja ɗaya ya ƙi, sai abin ya tsage. Na zauna a aji ina ta dariya ni kaɗai. Abin da aka cika allo da shi Baba ya faɗe shi a jimla guda, yana tauna goro.

Daka shi ne aikin wahala. Turminsa na ƙarfe ne, wani maƙeri ya yi masa da guntun bututu, taɓaryar kuwa ƙarfen mota ce. Yakan yayyafa wa kwalbar ruwa kafin a fara, ya ja rawaninsa ya rufe hanci, ni ma ya ɗaure mini tsumma. Dokarsa a nan ba ta da sassauci: ba a daka a inda ake girki, ba a yi in iskar hunturu ta taso, kuma rariyar da ta taɓa garin kwalba ba ta ƙara shiga cikin gida. Akwai ranar da wata maƙwabciya ta aiko aron rariya, ya ce a gaya mata ta yi haƙuri, gara ta ji haushinsa da ta yi zaman makoki.

In gari ya yi laushi sai a ɗauko faifan yumɓun nan da suka ƙetaro iyakoki uku. Wanda bai taɓa gani ba ya ɗauki tandar waina ya rage mata girma, ya mai da ramukanta ƙanana masu zurfi, kowane rami da ɗan ƙaramin gurbi a tsakiyarsa. A tsoma faifan a ruwan farar ƙasa don kada kwalba ta manne. Sa'an nan a tsinko sandar ganyen rogo, a yanka ta gajere-gajere, a kafa ɗaya a tsakiyar kowane rami. Wannan dabara ce har yau nake jinjina wa wanda ya fara ta. Garin kwalba zai kewaye tsinken, wuta ta cinye tsinken, ta bar ƙofar da zare zai bi. Ba huji, ba komai. Saboda tsinken nan kaɗai Baba yake dasa 'yan kunyoyin rogo a gefen gayaunarsa, ya kewaye su da ƙaya saboda awaki.

Wurin zubi nan ne gwaninta take. Da ɗan mazurarin gwangwani yake zuba garin, fari kaɗan, shuɗi a kansa, fari kuma, sai dutsen ya fito da zobe-zobe. In yana son zane a tsaye sai ya soka tsinke ta gefen ramin ya buɗe siririyar hanya, ya ɗura wani launin a ciki. A wannan lokaci ba ya magana, ba ya amsa sallama sai da kai. Abin mamakin shi ne gari ba ya nuna launinsa na gaskiya. Kore da shuɗi in an dake su duk fari-fari suke komawa, sai wuta ta dawo musu da kamanninsu. Saboda haka mai zubi da zuciyarsa yake ganin abin da yake zanawa.

Tanderun bai fi tsayin ƙugu ba, baki biyu gare shi, na itace a baya, na kaya a gaba, a tsakiya an gitta tsofaffin sifirin na mota inda ake jera faifan. Ba zuga-zugi, iska ce take ja da kanta. Da daddare yake gashi, don a duhu ne ake karanta wuta. Ja mai duhu, ba ta kai ba. In ta koma ruwan goro, garin ya fara ƙyalli yana zama a cikin ramukan, to an zo wurin. In aka ƙara kaɗan zanen ya narke ya cakuɗe, in aka rage dutsen ya fito da garas-garas yana marmashewa a hannu. Shekaru bayan haka na shiga sashen koyar da aikin gilashi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, na ga tanderun lantarki mai agogon da ke nuna zafi ya haura digiri 700. Na yaba ƙwarai. Amma na tuna mutumin da ke gane wannan da ƙwayar idonsa, da itacen da ba kullum yake bushe ba.

Bayan gashi sai ya janye itacen, ya toshe bakunan biyu da yumɓu da toka, ya ce a je a kwanta. Ba mai taɓawa sai hantsi. Kwalba in ta huce da gaggawa bayanta yakan riga cikinta sanyi, sai ta dare, wani lokaci ma ba a ranar ba, sai tana wuyan mai ita. Da safe a zazzage, a zuba a kan faffaɗan dutse da yashi da ruwa a yi ta murzawa har kaifin ya mutu, a shafa man gyaɗa, a shiga zurawa a zare. Wannan na ƙarshe aikin Inna ne da 'yan matan gida.

Mata su ne kasuwarsa, amma bai taɓa ciniki da matar aure ido da ido ba. Dillaliya ce take zuwa ta ɗiba a ƙwarya ta shiga da su gida-gida. Jigida da abin wuya da na hannu, musamman bayan kaka in an sayar da amfanin gona aka shiga bukukuwa. Matan Fulani masu tallan nono su ne ba sa son dillaliya, da kansu suke tsugunawa a ƙofar zaure su zaɓa ɗaya-ɗaya, su ƙi wannan su ƙi wancan, wani lokaci a biya da man shanu. Yana kuma yin carbi, a nan ne ma aka taɓa samun 'yar hayaniya. Wani ya ce ai korayen kwalaben nan da masu ruwan ƙasa wasunsu giya aka sha a ciki, yaya za a ja sunan Allah da su? Magana ta kai gaban liman. Liman ya sa aka kira Baba ya bayyana yadda ake yi tun daga wanki har gashi, ya saurara, ya ce shi bai ga sauran najasa a abin da ruwa ya wanke wuta kuma ta ci ba. Duk da haka daga ranar Baba ya daina yin carbi sai da fara da shuɗiya. Ya ce bai ga amfanin mutum yana tasbihi zuciyarsa tana wasiwasi ba.

A wancan zamani Turawa da Amurkawa sun buɗe ido a kan tsofaffin duwatsun ado na Afirka, fatake suna bi ƙauye-ƙauye suna saye daga hannun tsofaffi. Wani dillali ya zo daga birni ya ga aikin Baba, ya ja shi gefe. Shawararsa ita ce a binne sababbin a ƙasa mai danshi, a goge su da toka su dushe, shi zai kai su a matsayin na kakanni, a raba riba. Kuɗin da ya ambata sun fi abin da Baba yake samu a rani guda. Ina zaune ina tankaɗe na ji amsar. Ya ce, "Alhaji, jiya na gasa su. In Baturen yana son na jiya, ga su." Dillalin ya tafi yana cewa wannan tsoho ba ya son arziki. Mutanen gari ma sun rabu biyu a kan maganar, har da masu cewa ai cutar Bature ba cuta ba ce. Ni dai a wajena wannan ne babban karatun da na ɗauka a zauren nan, ya fi zubi da karanta wuta.

Haka kuma a farkon 1983, da gwamnatin Shehu Shagari ta ce baƙin da ba su da takarda su fice, akasarinsu mutanen Gana, wasu suka zo masa da albishir, wai yau Allah ya rama masa. Bai ce uffan ba. Washegari ya tura ni da tsabar kuɗi da ɗaurin duwatsu wajen wani malamin makaranta ɗan Gana da ke koyarwa a garin da ke kusa da mu, ya ce in gaya masa guzuri ne, kuma in ya isa ya gai da mutanen Odumase.

Ba rana ɗaya sana'ar ta mutu ba. Jigidar roba ta cika kasuwa, mai sauƙi, mai arha, launi kala-kala da kwalba ba za ta iya ba. Itace ya yi tsada, kuma a ƙasarmu kowane gawo da ɗorawa da kuka da mai shi, ba a sara sai da dalili, gashi ɗaya kuwa yakan ci abin da gida zai yi girkin kwanaki. 'Yan mata suka fara cewa na Baba kayan tsofaffi ne. Mu da ya koya wa, boko ta ɗauke wasu, birni ya ɗauke wasu. Ya rage gashi daga kowane mako zuwa sa'ad da aka ba da aiki, daga nan sai in Fulani sun matsa. Da na kawo masa labarin Masaga na Bida, masu narkar da kwalba da zuga-zugi su naɗa ta a sandar ƙarfe su fitar da awarwaro, waɗanda a da suke haɗa nasu gilashin daga yashi da kanwa, ya yi ta tambaya har dare ya raba. Ya ce, "Su ƙira suke yi, mu gashi muke yi. Amma su unguwa guda ce, in uba ya faɗi ɗa ya ɗauka. Ni kaɗai ne."

Tari ne ya kwantar da shi a ƙarshe, ya rasu cikin damina, gero yana bununi. Mutanen da suka zo jana'izarsa sun ba ni mamaki, har daga rugagen da ban san ya san su ba. Tanderun ya rushe a daminar da ta biyo, an shigar da wurin cikin gona, don a nan ba a barin taki ɗaya na ƙasa a banza. Faifan yumɓun da suka tsira magada suka ba ni, suna nan a wajena.

Yau tifa ce take kawo shara gonakinmu a maimakon jaki, kuma abin da ke cikinta leda ce da robar ruwa, masu kashe awaki su hana shuka tsira, ba kuwa wanda ya san yadda zai dafa su su zama abin ado. A Krobo har gobe ana wannan aiki, ana fitar da shi ƙasashen waje ana cin abinci da shi. Ban ga abin da zai hana a tura matasanmu kaɗan su koyo ba, ga kwalabe nan 'yan bola-jari suna tarawa buhu-buhu. Ina kira ga Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano da ke Gidan Ɗan Hausa da masu kula da Gidan Makama su shiga ƙauyukan nan su nemi irin waɗannan ƙananan sana'o'i tun akwai masu ba da labarinsu. Ke kuma 'yar'uwa, in kin buɗe tsohuwar kwallar mahaifiyarki a ƙasar Ungogo ko Minjibir kika ga dutse mai ɗan kaushi, fari da zoben shuɗi, kada ki ba yara su yi wasa da shi, ki adana. Wanda duk ya karanta wannan, ina roƙonsa ya sa Baba da Inna a addu'a. Allah ya jiƙansu, ya sa Aljanna ce makomarsu.